Mai Wurno ko Mayirno? Amsoshin tambayoyinku

Assalamu alaikum. Tambayar farko ta wannan makon daga gefen Sinnar ta ƙasar Sudan ta zo, kuma ita ce za ta ci yawancin filin.

Tambaya: Malam, mu matasa ne 'yan Mai Wurno. Muna shawarar kafa allo a bakin gari don tunawa da cikarsa shekara 120. Gardama ta kaure: wasu sun ce a rubuta Mayirno yadda ake faɗa da Larabci, wani kuma ya dage cewa sunan daga "ma'u" ne, wato ruwa, tunda garin a bakin kogi yake. Ina gaskiyar?

Amsa: 'Ya'yana, Allah ya yi muku albarka. Zancen ruwan nan ku ajiye shi, ba shi da tushe. Mayirno lafazi ne na harshen da ya ji sunan ya sassauta shi, "w" ta faɗi a hanya. Asalinsa kalma biyu ne: Mai da Wurno. Wannan "mai" ita ce ta mai gida, mai gari, mai unguwa. Ba ta haɗa komai da man gyaɗa ba, don karin sautinsu ma daban ne, kuma ba ita ce "Mai" ta Barebari ba, wadda ke nufin sarki, kamar Mai Idris Aloma.

Wurno kuwa gari ne a arewa maso gabashin Sakkwato. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu ya mayar da shi ribaɗi, wato garin tsaron iyaka, ya zauna a can, a can ya rasu a 1837, hubbarensa yana nan har gobe. Mutanen Sakkwato ba su cika kama sunan babba gatsau ba, sai su jingina shi ga garinsa. Shi ya sa Bello ya zama Mai Wurno, ƙanensa Abubakar Atiku ya zama Mai Katuru, ɗan Atiku kuma, Ahmadu, Mai Cimola. Yaron da aka sa wa sunan babba yakan gaji laƙabin, saboda alkunya. To, wanda ya kafa garinku sunansa Muhammadu Bello, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ɗan Ahmadu, ya ci sunan Bello, laƙabin ya bi shi. Ku lura, shi ɗan gidan Atiku ne, ba gidan Bello ba. Ina yawan jin masu jawabi a taro suna cakuɗa wannan, alhali tambaya ɗaya ga dattijo ta isa ta warware musu.

Yadda sunan ya iso nan kun san shi, amma allo yana bukatar shekaru daidai. Turawan Ingila sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Attahiru ya ƙi zama ƙarƙashinsu, ya nufi gabas, jama'a suka yi ta barin gonaki suna binsa. A Burmi, cikin ƙasar Gombe, aka yi karon ƙarshe a watan Yuli na wannan shekarar, Attahiru ya yi shahada. Ɗansa Mai Wurno ya tsira, ya ja ragowar mutane, Fulani da Hausawa, har suka sauka a bakin kogin Nilul Azraƙ wajen garin Shaikh Talha, wajajen 1906. Abin da ke taɓa min zuciya shi ne, ƙasar da suka iso ma tana hannun Ingila tun yaƙin Karari na 1898. Duk da haka suka sare daji, suka yi gari, garin ya ɗauki laƙabin shugabansa. Kun ga ke nan sunan ya ratsa daga gari zuwa mutum, daga mutum zuwa takwaransa, sannan ya koma gari.

Shawarata: da boko ku rubuta Mai Wurno, kalma biyu, kowace da babban baƙi. Da Larabci ku bar yadda hukuma ta saba don baƙo da direba su gane, amma ku ƙara layin ajami a ƙarƙashi, da wasali cikakke, wawun nan ta fito sarai. Yara da yawa da suka tashi a Khartum ba su taɓa jin cewa akwai wani Wurno a yamma ba.

Tambaya: Cikin rubutun allon, "ƙirƙiro gari" za mu ce ko "kafa gari"?

Amsa: Kafa. Labari ake ƙirƙirowa, da ƙarya. Gari kafa shi ake yi, ko a ce wane ya sari garin, tunda da gatari ake farawa. Don Allah ku tsaya a kan mai zanen allo, kada ya lanƙwasa muku "k" ta koma "ƙafa".

Tambaya (daga wata baiwar Allah a Gadarif): Wani baƙo daga Najeriya ya ce mana "kowa ya bar gida, gida ya bar shi". Abin ya yi min ciwo. Gori ne?

Amsa: 'Yar'uwa, karin maganar gaskiya ce, sai dai an ɗora ta inda ba wurinta ba. Gargaɗi ne ga wanda ya tafi neman duniya ya yanke zumunci, ba aike ba sallahu, har aka raba gado ba a tuna da shi ba. Hausa ta bambanta tafiye-tafiye: akwai ci-rani, wanda ake dawowa kafin damina, akwai ƙaura, akwai yawon duniya, akwai hijira, wadda ake yi don tsare addini. Kakanninku ko hijira suka yi, ko hanyar hajji suka biyo da ƙafa suna noma suna tara guzuri har zama ya kama su. Wanda ya riƙe harshe da tuwo da gaisuwar iyaye sama da shekara ɗari bai bar gida ba. In ya sake faɗa, ki tuna masa cewa Bahaushen da ya yi wannan karin shi ne kuma ya ce gida biyu maganin gobara.

Tambaya (daga Jidda): Mene ne asalin "Takari"?

Amsa: Daga Takrur ne, tsohuwar daula a bakin Kogin Sanagal, wadda Larabawa suka yaɗa sunanta a kan mutanen yamma baki ɗaya. Shi kansa Sarkin Musulmi Bello ya yi amfani da "Biladut Takrur" a sunan littafinsa Infaƙul Maisur. Raini daga baya ya shige ta, daga bakin masu faɗa.

Tambaya: "Fallata" fa?

Amsa: Sunan da Barebari ke kiran Fulani ne. A Sudan ya faɗaɗa har ya haɗa da Hausawa.

Mai tambaya daga Damazin kan bambancin "zango" da "masauki", ka yi haƙuri sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.