Yadda za ka gane jojoba ka kuma raine shi

Malam, ka tambaya ko ɗan itacen nan da ganyensa ba ya kaɗewa ko da rani jojoba ne, da yadda ake rainonsa. Duba ganyen. In yana da kauri kamar fata, kore mai ɗan toka-toka, biyu-biyu suna fuskantar juna a reshe, kuma a miƙe suke suna kallon sama, to shi ne. Asalinsa hamadar Sonora ce, tsakanin Amurka da Meziko, don haka rana yake so sosai, da ƙasa mai yashi wadda ruwa ba ya kwanciya a cikinta. Ka binne irin a inda zai zauna, domin saiwarsa nitsewa take yi ƙasa, ba ta son dashe.

Sharaɗin da na ga yana kayar da mutane shi ne namiji daban, mace daban, iska ce ke kai ƙurar furen namijin ga macen. Ba ka bambance su sai sun yi fure, wajen shekara 3 ko fiye. Kada ka shuka ɗaya tak ka zauna jiran 'ya'ya, shuka da yawa kusa da juna, in sun nuna kansu ka rage mazan.