Amarya ki dakata tukuna kafin a sa miki hodar cire launin gashi a kai

Salamu alaikum. Wallahi ƙanwata tun da na karanta tambayarki jikina ya yi sanyi, kamar labarina kika ɗauko kika rubuta. Kin ce sati uku ke nan da yin defrizaj, wato sa man miƙar da gashi, kafin nan kuma kin sha sa baƙin dayis, yanzu biki saura kwana 12 kina so a tsattsame miki wasu silin gashi su koma ruwan zuma, mai salon ta ce da oksidan (ruwan da ake kwaɓa hodar da shi) mai lamba 40 a zama ɗaya za ta gama miki. Don girman Allah kar ki hau kujerar nan.

Ni nan Garwa abin ya same ni, ana saura kwana huɗu kamun ƙanwar maigidana, cikin watan Afrilu lokacin da ko fanka iskar wuta take hurawa. Ni ma haka na je da defrizaj ɗina sabo fil ko sati biyu bai cika ba, na faɗa wa matar nan da bakina, na ce madam kin ga fa kwanan nan na yi, kuma akwai dayis a ƙasan gashin, ta ce ba komai ita aikinta ne ta yi wa ɗaruruwa. Ko sili ɗaya ba ta gwada ba. Ta kwaɓa hodar da ido ba awo ba komai, ta lafta min tun daga fatar kai, ta nannaɗe da takardar aluminiyom, ta tura ni ƙarƙashin kask, injin busar da gashi, ta kunna zafi, ta koma kan wata mai kitso tana hira a waya. Na ce mata kaina yana zafi, ta ce ai alamar yana ci ne ki daure. Na sake kiranta na ce wallahi kamar an zuba min barkono, ta ce min wai ni raguwa ce. Fiye da awa ɗaya ina zaune hawaye na zuba, takardun nan in na taɓa su zafi rau kamar an sauke su daga kan murhu.

Da aka zo wankewa kuwa innalillahi. Ina jin yatsunta cikin kaina ina ganin gashi yana bin ruwa, ba karyewa ɗaya ɗaya ba, curi curi yake fitowa kamar jiƙaƙƙiyar auduga, in ka ja sili sai ya miƙe kamar danko ya tsinke a hannu. Gashin da na yi shekara shida ina tattali, har kafaɗa yake sauka. Abin da ya rage kuma ba ruwan zuma ba ne, wani ja ne kamar tofin goro, tushen ya yi fari fat bakin ya tsaya baƙi. Kuma kin san abin da ya fi ƙona min rai har yau? Ko sannu ba ta ce min ba. Cewa ta yi gashina ne ba shi da ƙwari tun asali, a gaban mutane, sauran matan suna kallona, ta kuma miƙo hannu na biya ta sefa dubu goma sha biyar cif. Na biya don kunya, na ɗaura kallabi na hau moto ina kuka har gida. Duk bikin nan ban yarda ɗankwalina ya zame ba ko a ɗakin amarya, ƙeyata ta yi ƙuraje tana ruwa, filo yana manne min da dare. Allah ya isa dai ban yafe wannan rainin ba, kuskure kowa na yi amma a ɗora maka laifin a gaban jama'a shi ne ban iya mantawa.

Daga baya ne wata anti da ta koyi aikin a Duwala, ita ta yanke min abin da ya mutu ta zaunar da ni ta yi min bayani. Defrizaj ya riga ya kakkarya abin da ke riƙe da ƙarfin gashi daga ciki, shi ya sa yake kwanciya, to hodar dekolorasiyon, wato ta cire launi, ita ma sai ta buɗe bayan silin ta shiga ta cinye launin, duka biyu a kan sili ɗaya kusa da kusa ai gashin ba zai ɗauka ba. Lambar nan kuma da suke faɗa ƙarfin ruwan oksidan ne, 10 kashi 3 cikin ɗari ne, 20 kashi 6, 30 kashi 9, shi 40 ɗin kashi 12, wanda ya san aiki ba ya kai 40 kusa da fatar kai sam. Ita da 20 take aiki a kan irin gashinmu, a hankali, tana buɗe takardar duk minti biyar zuwa goma tana dubawa, kuma ba ta wuce lokacin da aka rubuta a jikin roba, yawanci ba ya haura minti 45 zuwa 50. Ga zafin garinmu, shi kansa yana sa hodar ta yi saurin ci, balle a ƙara da kask. Har ɗumin kanki ma yana sa tushe ya riga baki yin haske, don haka ake barin kamar santimita ɗaya ko biyu daga fata.

Maganar dayis ɗin nan ma kar ki ɗauke ta da wasa. Baƙin gashi ba ya tsallakawa ya zama ruwan zuma kai tsaye, sai ya bi ta ja, ya zo ruwan goro, sannan ruwan ɗorawa, kuma wanda aka rina da baƙi ya fi taurin kai, a ja ɗin nan yake cijewa. In kuma kin taɓa sa lalle a kai ki faɗa, musamman irin na ƙulli da ba a san me aka haɗa a ciki ba, wasu akwai sinadarin ƙarfe a ciki, yana haɗuwa da oksidan sai ya ɗau zafi gashi ya narke ko ya koma kore. Ni ina zargin har da shi a nawa. Kuma ruwan zuman da kike gani a hotuna ba hoda kaɗai ke ba da shi ba, bayan an wanke sai an bi da wani rini mai sauƙi da suke ce wa patin, mai shuɗi yana kashe ruwan goro, mai shunayya yana kashe rawaya. Ki tambayi mai salon ɗinki da me za ta bi bayan hodar, in ta tsaya kame kame kin samu amsarki.

Ni da ke ce, na rantse gashina ba zai ga hoda ba kafin bikin nan. Ki sayi mesh, wato gashin ƙari, na gashin mutum mai launin da kike so a saka miki 'yan layi a tsakani, ko a rina shi a kan tebur can nesa da kanki, in ya ƙone kuɗi ne kawai suka tafi, amma ki lura na roba ba ya rinuwa da hoda. A hoto ba mai ganewa wallahi. In an kwana biyu bayan biki har yanzu ranki na so, ki bar defrizaj ya yi watanni, a yanki ɗan sili daga ƙeya a gwada a gani ko zai jure, rinin ma a ɗiga miki kaɗan a bayan kunne ki jira awa 48, balle in baƙin lalle ya taɓa sa hannunki ƙaiƙayi ko kumburi, wannan kam ki kiyaye sosai don fuska tana iya kumbura. Kuma a yi shi zama biyu ko uku da tazarar makonni, irin wanda ake shafawa da buroshi a jikin gashi zuwa baki ba a taɓa tushe, balayaj suke ce masa, shi ya fi sauƙin lalura.

Wata za ta ce miki ki sa shebe, garin gyaran gashi na 'yan Chadi, zai gyara komai. Ina amfani da shi, wata maƙwabciyata 'yar Njamena ke kawo min tare da man karkar, kuma ya taimaka min wajen riƙe danshi da hana sabon gashi karyewa, da shi da man kaɗanya na yi jinya lokacin hunturu. Amma silin da hoda ta cinye ba ya dawowa, almakashi ne kawai maganinsa, gashi kuma wajen santimita ɗaya yake fitowa a wata, ki lissafa da kanki. Ni sai da na shekara biyu kafin na iya yin shuku, har yanzu gefen kunnena na hagu bai cike ba, kitso in ya yi tsauri nan yake fara ciwo.

Ki faɗa min wane irin dayis kika sa, na kwali ne ko na ƙulli a kasuwa, kuma sau nawa, sannan in kin wanke kai ki ja sili ɗaya yana jiƙe ki ga ko yana miƙewa bai koma ba. In yana haka ko kitso mai jan gaba kar ki bari a yi miki ranar kamu. Allah ya sa a yi biki lafiya ya ba ku zaman lafiya.