Amsa kan Kickstart da WinUAE ya ƙi karɓa

Malam, ka ce ka saita WinUAE, manhajar da ke kwaikwayon tsofaffin kwamfutocin Amiga a kan Windows, a matsayin Amiga 500, amma allo ya tsaya baƙi ƙirin, wasan kuma ya ƙi tashi. A ganina matsalar tana ga fayil ɗin Kickstart, wato manhajar da ke cikin ƙwaƙwalwar na'urar tun daga masana'anta, wadda dole sai ta tashi kafin a karanta faifai.

Amiga 500, wadda ta fito a 1987, Kickstart 1.2 ko 1.3 take amfani da shi, kuma girmansa daidai bait 262,144 ne. Idan naka ya kai 524,288, to sabon zubi ne da ya fito daga baya, kamar 3.1, kuma tsofaffin wasanni da dama ba sa jituwa da shi. Idan kuwa ka saye shi cikin Amiga Forever, wato kunshin manhajojin Amiga da ake sayarwa, kuma ya ɗara da bait 11, to a kulle yake, sai ka ajiye rom.key, fayil ɗin da ke buɗe shi, a jaka ɗaya da shi, sannan ka danna Rescan ROMs a shafin Paths.

Da zarar ka ga hoton hannu riƙe da faifai, Kickstart ya zauna, saura ka saka fayil ɗin ADF, wato kwafin faifan wasan, a DF0, gurbin faifai na farko.