Tambaya da Amsa: Gwiwa ta lalace a aikin soja, yanzu ciwo ya koma baya da ƙafa

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni haifaffen Kumasi ne, na yi shekara takwas a rundunar sojan ƙasa ta Amurka, na fito da rauni a gwiwar dama. Ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji, wato VA, ta amince cewa a bakin aiki na same shi, ta ba ni kashi 10 cikin ɗari na nakasa, wanda a kansa ake lissafa diyya. Na daɗe ina ɗingishi, yanzu kuma ciwon baya ya kama ni, yana gangarowa ta ɗuwawun hagu har yatsun ƙafa, ƙafar tana sagewa, har ta kai a kan kujera nake salla saboda ba na iya ruku'u. Wani abokina ya ce kada in wahalar da kaina, tun da babu maganar baya a takardun asibitina na soja. Shin haka abin yake?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya ƙara sauƙi. Abokinka bai faɗi daidai ba. Dokar Amurka ba ta tsaya ga ciwon da aka rubuta lokacin da mutum yake sanye da kaki ba, domin sashe na 3.310 na kundin ƙa'idoji mai lamba 38 CFR ya tanadi cewa duk larurar da ta samo asali daga wata larurar da VA ta riga ta amince da ita, ita ma ana ɗaukarta a matsayin ta aikin soja, ko da bayan shekara ashirin ta bayyana. Saboda haka ba a buƙatar a ga kalmar baya a fayil ɗinka na soja. Abin da ake buƙata shi ne a nuna cewa gwiwar ce ta jawo ciwon bayan, ko kuma ita ta tsananta shi.

Kafin mu shiga maganar takardu, akwai gargaɗin da ya fi kuɗin muhimmanci. Idan ka fara kasa riƙe fitsari ko bayan gida, ko fitsarin ya ƙi fita, ko ka ji tsakanin cinyoyinka ya mutu, ko ƙafar ta rasa ƙarfi farat ɗaya, to ka tafi sashen gaggawa na asibiti a ranar, domin alama ce ta dannewar jijiyoyin ƙarshen ƙashin baya, kuma jinkiri yana iya barin nakasa ta dindindin.

Buƙatarka kashi biyu ce, kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne. Ta farko ita ce haɗa baya da gwiwa, kuma nan ne gizo ke saƙa. Ta biyu ita ce haɗa sagewar ƙafa da baya, wadda ta fi sauƙi nesa ba kusa ba idan ta farkon ta tsaya.

A ta farkon, abu uku ake dubawa: likita ya tabbatar da sunan cutar da ke bayanka a yanzu, akwai larurar da aka riga aka amince da ita, wato gwiwarka, sannan akwai ra'ayin likita da ya ɗaura wannan da waccan. Wannan ra'ayin shi ne tsofaffin sojoji ke kira takardar neksos. Ma'aunin da doka ta sa bai kai na tabbaci ba. Ya isa likita ya ce yiwuwar gwiwar ce sanadi ta kai rabi ko fiye, domin idan hujjojin ɓangarorin biyu suka yi kunnen doki, tsohon soja ake bai wa rinjaye. Kalmomi irin su "wataƙila" ko "mai yiwuwa ne" ba sa cika wannan ma'auni, kuma takardu da yawa a nan suke faɗuwa.

Ya kamata in gaya maka gaskiya cewa likitoci ba su haɗu a kan cewa kowane ɗingishi yana lalata ƙashin baya ba. Sau da yawa likitan da VA ta tura mutum wurinsa yakan rubuta cewa zaizayar ƙashin baya ta shekaru ce kawai, irin wadda ake gani a hoton bayan mutane da yawa da suka haura arba'in. Shi ya sa takardar da ta ce "ciwon bayansa daga gwiwarsa ne" a layi ɗaya ba ta da ƙarfi, ko da babban likita ne ya sa mata hannu. Mai ƙarfi ita ce wadda likitan ya nuna cewa ya karanta fayil ɗinka, ya ambaci ranakun da aka rubuta a asibiti cewa tafiyarka ta karkace, ya faɗi tsawon shekarun da ka yi kana jingina nauyinka a ɓangaren hagu, ya bayyana yadda hakan ke karkatar da ƙugu yana ɗora wa gaɓoɓin baya nauyin da ba nasu ba, sannan ya faɗi dalilin da ya sa shekaru ko irin aikin da kake yi yanzu ba su isa su bayyana lamarin su kaɗai ba. Ka duba tsofaffin takardunka tun yau: duk inda aka rubuta cewa kana ɗingishi, ko aka ba ka sanda ko takalmin gwiwa, ko aka tura ka gashi, wannan ita ce dukiyarka.

Ka roƙi likitan ya amsa tambayoyi biyu daban, ta sanadi da ta tsanantawa. Tun daga shari'ar Allen da Brown a 1995, kotun tsofaffin sojoji ta tabbatar cewa ko da gwiwar ba ita ta haifar da ciwon ba, idan ta ƙara masa tsanani ana biyan diyyar wannan ƙarin. A wannan hanya VA takan nemi sanin matsayin da bayan yake kafin tsanantawar, ta cire shi daga matsayin yanzu, don haka tsohon hoton baya, in akwai, yana da amfani ƙwarai.

Idan aka amince da bayan, kason da za a ba ka ya fi dogara ne ga iya sunkuyawarka, ba ga yawan zafin da kake ji ko munin hoton MRI ba, kuma wannan yana ba mutane mamaki. Lafiyayyen baya ana lissafa shi da digiri 90, wato kusan cikakken ruku'u. Wanda sunkuyawarsa ta wuce digiri 60 amma ba ta wuce 85 ba yana samun kashi 10, wanda ta wuce 30 amma ba ta wuce 60 ba kashi 20, wanda kuwa ta tsaya a 30 ko ƙasa da haka kashi 40. Ana kuma ba da kashi 20 idan ɗaurewar tsokar baya ta kai ga karkatar da tafiya ko siffar ƙashin bayan. Akwai wata hanyar lissafi ga masu ciwon guringuntsin da ke tsakanin gaɓoɓin baya, wadda ke ƙirga makonnin kwanciya a cikin wata 12, daga kashi 10 na mako guda zuwa kashi 60 na mako shida ko fiye, amma kwanciyar da likita ya rubuta da hannunsa kaɗai ake ƙirgawa, ban da wadda mutum ya yi don kansa.

Jijiya kuwa kasonta daban ne. Ƙa'idar kimanta ƙashin baya ta ce a fili duk matsalar jijiya da aka tabbatar tana tare da ciwon a kimanta ta ita kaɗai, a ƙara a kan na bayan. Ciwon da ka kwatanta ya yi kama da na babbar jijiyar da ke bi ta bayan cinya zuwa ƙafa, wadda ake kira sayatik, kuma lambarta a jadawalin VA ita ce 8520: mai sauƙi kashi 10, matsakaici 20, wanda ya kusa tsanani 40, mai tsanani tare da motsewar tsoka 60, cikakken shanyewa inda ƙafa ke reto 80. Sai dai idan abin bai wuce sagewa da zafi da jin kamar ana tsira allura ba, ba a wuce matsakaicin mataki. Abin da ke ɗaga shi sama shi ne abin da likita zai gani da idonsa, kamar raunin ɗaga babban yatsa, ko ƙafar ta ƙi zabura idan an buga gudumar roba a agara, ko ƙwaurin hagu ya fi na dama sirantaka idan an auna da tef. Gwajin jijiya na lantarki da ake kira EMG yana ƙarfafa hujja. Ko da yake ya kamata a duba jijiyar ba tare da ka nema ba, shawarata ita ce ka rubuta ta da sunanta a fom ɗin.

Lissafin haɗa kaso ba tarawa ba ne, kowane sabon kaso daga ragowar lafiyar da ta saura ake cire shi. A ce an ba bayanka 20, jijiyar hagu 20, ga gwiwar dama 10. Da lissafin yau da kullum, 20 da 20 suna ba da 36, a haɗa da 10 ya zama 42, a mayar da shi 40. Amma tun da ƙafafu biyu abin ya shafa, sashe na 4.26 ya ce a fara haɗa nasu, 20 da 10 su ba da 28, a ƙara kashi ɗaya cikin goma na wannan adadin ya zama kusan 31, sannan a haɗa da 20 na baya ya ba da 45, wanda ake ɗagawa zuwa 50. Ka duba takardar hukunci da kyau ka ga ko an yi maka wannan ƙarin. Daga kashi 30 zuwa sama kuma akwai ƙarin kuɗi saboda iyali, kuma diyyar ba a cire mata haraji.

Ranar gwajin likita da VA ke shiryawa kafin ta yanke hukunci, wanda ake kira C&P, ita ce inda tarbiyyarmu takan cuce mu. An raine mu a kan cewa idan aka ce "yaya jiki?" sai a ce "da sauƙi, alhamdu lillahi", ko da mutum da ƙyar ya taso daga shimfiɗa, kuma namiji, balle soja, ba ya raki. Likitan zai rubuta abin da ya ji daga bakinka. Zai ɗora wani ma'auni mai kama da almakashi a ƙugunka ya ce ka sunkuya. Kada ka cije ka kai hannu gwiwa don nuna jarumta, ka faɗa masa daidai inda zafin ya fara. Ka kuma bayyana masa ranakun da ciwon ke tashi: sau nawa a wata, kwana nawa yake ɗauka, me kake kasa yi. Tun shari'ar DeLuca a 1995, da ta Sharp a 2017, wajibi ne a yi la'akari da irin waɗannan ranakun ko da ranar gwajin ta faɗo a lokacin da ka samu sauƙi. Maganar salla a kan kujera ka faɗe ta, tare da lokacin da ka fara, domin shaida ce ta sunkuyawa da kowa zai gane, kuma maiɗakinka ko wanda kuke sahu ɗaya a masallaci yana iya rubuta abin da ya gani a fom 21-10210. Haka nan kada ka ƙara gishiri, domin likitan yana kallon yadda ka zauna da yadda ka sa takalminka.

Game da tsari, ka fara shigar da fom 21-0966 na bayyana niyya, wanda ke riƙe maka ranar fara biya har shekara guda yayin da kake tattara hujja, sannan ka cike 21-526EZ, ka rubuta a fili cewa ciwon baya ya biyo bayan gwiwar dama, ciwon jijiyar hagu kuma ya biyo bayan baya. Ƙungiyoyin tsofaffin sojoji irin su DAV da VFW da American Legion suna da wakilai masu izini da ke taimakawa kyauta, kuma doka ba ta yarda a karɓi kuɗi a hannunka don shigar da buƙatar farko ba, saboda haka ka yi hattara da kamfanonin da ke neman a yanka musu wani abu daga ƙarin da za ka samu.

Idan aka ƙi, kana da shekara guda daga ranar hukuncin ka zaɓi hanya ba tare da ka rasa ranar fara biyanka ba. Idan dalilin ƙin shi ne likitan VA ya ce shekaru ne, to fom 20-0995 tare da sabon ra'ayin likitan da ya amsa wannan hujjar kai tsaye shi ya fi dacewa. Idan kuwa kuskure ne a kan abin da ke cikin fayil, misali ba a taɓo maganar tsanantawa ba sam, sai ka nemi babban jami'i ya sake dubawa da fom 20-0996, inda ba a karɓar sabuwar hujja. Hanya ta uku ita ce hukumar ɗaukaka ƙara da fom 10182, wadda alƙali ke dubawa, kuma ita ta fi ɗaukar lokaci.