Anti, ko na tsufa da riga mai kala?

TAMBAYA: Salam Anti, dan Allah a ba ni shawara. Shekarata 47, ina zaune Agege, na tsinci wata riga ja mai furanni ruwan ɗorawa a gwanjon Katangowa, wallahi ta min kyau amma 'yata budurwa tace wai Mama wannan ai ta 'yan mata ce, tun ranar tana cikin akwati na kasa sawa.

AMSA: Wa alaikissalam 'yar uwa, fito da rigar nan yau ɗin nan. Ni na ba hamsin baya kuma rabin rigunana okirika ne, wato gwanjo, kala ba ta tambayar shekaru, abin dubawa kawai kar ta matse ki a ƙirji ko ta ɗage in kin sunkuya. Tunda rigar tana da hayaniya sai ki haɗa ta da dogon siket baƙi da mayafi kala ɗaya, shi ke nan kin fito ras.

Amma kafin ki sa, jiƙa ta ita kaɗai a ruwan sanyi da ɗan Dettol saboda warin dila kuma ja na zuba, ki shanya a inuwa dan ranar Legas cin kala take, sannan ki juya ta ki goge ta ciki. In kin koma kasuwa ki yi sammako ranar da ake fasa dila, ki ɗaga riga a haske ki duba hammata da wuya, nan tabo ke ɓuya. Kasuwar Aswani da ke nan Legas ma tana ci ranar Talata.

Ita kuma 'yar tamu ki sa ido, sati biyu za ta zo aro.