Amsa: Da gaske an tono ƙaton kada a hamadar Nijar?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko gaskiya ne an tono ƙasusuwan wani ƙaton kada a Nijar. Ƙwarai kuwa. Sunansa Sarcosuchus, a Gadufawa aka same shi, cikin hamadar Tenere a jihar Agadas. Masanan Faransa ne suka raɗa masa suna a 1966, sannan wani masani Ba'amurke mai suna Paul Sereno ya ƙara tono wasu ƙasusuwan a 1997 da 2000.

Ƙoƙon kansa kaɗai ya kusa tsawon babban mutum, haƙora sun haura 100, ƙarshen hancin kuma a kumbure kamar tulu. Sai dai ba kakan kadojinmu ba ne, dangi ne na nesa.

Ni abin da ke taɓa ni, inda yau sai rairayi da zafin rana, shekaru wajen miliyan 110 baya koguna ne ke malala, shi kuma yana kwance a ciki yana dakon kifi.