Lambun unguwa a Kumasi: me za a fara saya, kuma wa zai riƙe aikin?

Tambaya daga wata malamar Islamiyya a Aboabo: An ba ƙungiyarmu ta mata aron fili a bayan makaranta domin mu yi lambun kayan miya. Mun tara kuɗi kaɗan, amma kanmu ya rabu. Wasu suna son injin ban ruwa don jawo ruwa daga rafi, wasu suna son tanki, wasu kuma sun ce a zuba kuɗin a iri da taki. Wanne ya kamata mu fara saya?

Malama, Allah ya sa albarka a wannan niyya. Kafin ku kashe ko sidi ɗaya, ku nemi takarda daga wanda ya ba ku filin, wadda za ta faɗi iyakarsa, da shekarun aron, da wa'adin da za a ba ku idan za a karɓe shi. Yawancin filayen ƙasar Asante suna ƙarƙashin sarauta ne, kuma fili a Kumasi yana da masu nema, saboda haka alkawarin baki ba zai tsare muku wahalarku ba ranar da mai son gini ya zo. Ku sa limami ko sarkin unguwa ya zama shaida.

Batun inji kuwa, ban ba ku shawarar sayensa ba. Rafin Aboabo, kamar Subin da ke ratsa tsakiyar gari, yana kwashe ruwan kwata da shara, kuma ganyen da aka shayar da irin wannan ruwa yana iya ɗaukar ƙwayoyin cutar gudawa da ƙwan tsutsar ciki, musamman latas da ake ci ɗanye. Lambun da yaran makaranta za su yi aiki a cikinsa, iyayensu kuma su ci abin da ya fito, bai dace da wannan kasada ba.

Tanki ya fi, amma ku saye shi da lissafi. Ruwan sama milimita ɗaya a kan rufi mai faɗin murabba'in mita ɗaya yana ba da lita ɗaya, wato rufin aji mai murabba'in mita 50 zai tara muku kusan lita 1,000 daga ruwa mai milimita 20, in dai an sa indararo da bututu masu kyau. Kumasi tana samun damina biyu, babba daga wajen Maris zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba, don haka tankin zai riƙa cika a yawancin shekara. Matsalar tana hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu. A lokacin kayan lambu suna shan lita 4 zuwa 5 kullum a kowane murabba'in mita, ma'ana lambu mai murabba'in mita 100 zai ƙarar da tankin lita 2,000 cikin kwana huɗu ko biyar. Ke nan dole ku san tun yanzu ko akwai rijiya mai tsabta ko famfo da za ku riƙa cika shi. Idan babu, ku rage faɗin shuka da rani, ku rufe ƙasa da busasshiyar ciyawa don ta riƙe danshi.

Bayan tanki sai shinge, domin awaki da tumakin unguwa suna iya cinye aikin wata biyu da safiya ɗaya. Abin da ya rage ku sayi fartanya, manjagara, baro ɗaya da bokitan ban ruwa masu rariya. Iri shi ne mafi arha a cikin duk waɗannan, kuma shi zai zo ƙarshe.

Tambaya daga wani matashi a Asawase: A shagunan kayan gona ana ba mu irin kabeji da na tumatir a cikin gwangwani daga waje, ana cewa sun fi bayarwa. Mu saya, ko mu tsaya a kan irin gida? Kuma wane maganin feshi za mu tanada?

Ƙanena, a shekarar farko ku shuka abin da tukwanen Zango suke nema kullum: ayoyo, wanda a arewacin Najeriya ake kira lalo, da alayyahu, kuɓewa, yakuwa, gauta da barkono. Alayyahu yana isa yanka cikin mako uku zuwa huɗu, ayoyo kamar wata ɗaya zuwa mako shida, kuɓewa kuwa wajen wata biyu, kuma saurin girbi shi ne ke riƙe zuciyar sabon manomi. Duk gidan da ake tuƙa tuwon zafi yana buƙatar ayoyo, saboda haka ba za ku rasa mai saye ba. Kabeji yana fama da tsutsa mai cin ganye wadda ke jawo yawan feshi, tumatir kuma a ƙasa mai laima irin ta Kumasi yakan kamu da cutar da ke sa shi yaushi ya mutu farat ɗaya. Ku bar su sai hannunku ya faɗa.

Idan ka ga F1 a jikin gwangwani, irin haɗi ne: yana bayarwa da kyau, amma 'ya'yan da za ku ajiye daga gare shi ba za su fito kamar uwarsu ba, sai kun sake saye kowace shuka. Kowane iri kuka saya, ku duba ranar ƙarewarsa, ku jera ƙwaya 10 a jiƙaƙƙen ƙyalle, idan ƙasa da 7 suka tsiro cikin mako ɗaya zuwa biyu ku nemi wani.

Taki kuwa, kashin kaji yana samuwa a gidajen kiwon kaji da ke kewaye da Kumasi, amma kada ku zuba shi ɗanye, domin yana ƙone saiwa kuma yana ɗauke da cuta. Ku tara shi da busassun ganye, kuna juyawa, har wata biyu ko uku. Maganin feshi ban so ku tanade shi tun kafin ku ga ƙwaro. Ku fara da tsince tsutsa da hannu da ruwan dakakkun 'ya'yan dogonyaro. In ta kama sai kun saya, ku ɗauki wanda hukumar kare muhalli ta Gana ta yi wa rajista, ku kiyaye kwanakin da aka rubuta tsakanin feshi da girbi, kuma kada a ajiye shi inda yara ke shiga.

Tambaya daga wani dattijo a Sawaba: Mun fara da mutane da yawa, yanzu saura kaɗan. Shin mu biya ƙwararre ya zo ya koyar, ko hakan zai dawo da su?

Baba, ina ganin ba koyarwa ce ta yi ƙaranci ba, rabon aiki ne bai fito fili ba. Ku ba kowane gida fangalinsa da sunansa, abin da ya fito nasa ne, sannan a ware fangali ɗaya ko biyu na ƙungiya don sayen iri da gyaran shinge. Ban ruwa a rubuta shi a jadawali, kowa da ranarsa, bayan sallar asuba ko bayan la'asar. Game da koyarwa, ku fara zuwa sashen aikin gona na Majalisar Asokore Mampong ku nemi malamin gona, domin wannan aikinsa ne, sannan ku tuntuɓi Kwalejin Noma ta Kwadaso ko Cibiyar Binciken Amfanin Gona da ke Fumesua. Darasin ya kasance a cikin lambun, abu ɗaya a kowane zama, da Hausa ko Twi, kowa da fartanya a hannu. Kuɗin da kuka ware wa ƙwararre ku biya wa malamin kuɗin mota da shi, sauran kuma ku ƙara bokitan ban ruwa.